Faifan Da Ba Shi Da Waƙa

Shekara goma sha bakwai Mala ɗan Modu mai algaita ya yi yana sa wa mutanen Damagaram kiɗa, kuma bai taɓa yarda ya danna maɓalli waƙa ta fito ba. Shi dai faifan garmaho. Ya ɗora allura, ya dafa faifan da yatsu uku, ya ja shi baya, ya sake shi daidai inda ganga za ta faɗi. Taurin kai gare shi na ƙin ƙarawa, amma ko masu zaginsa sun yarda hannunsa na da albarka.

Faya-fayansa suna cikin akwatunan ƙarfe biyu a ɗakinsa cikin Birni. Ɗaya daga cikin faya-fayan ƙarami ne, takardarsa ta koɗe, kuma ba ya fita da shi wajen aiki. Busar mahaifinsa ce, wadda aka ɗauka a Kano tun kafin a haife shi. Modu ya daɗe da rasuwa, bai bar hoto ba, bai bar gona ba, sai wannan faifan. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci Mala kan sa wa mahaifiyarsa Ya Zainaba shi, ita da idonta ya riga ya rufe. Da dogon sauti guda busar ke farawa, miƙaƙƙe, kafin algaitar ta karya ta shiga taken. Nan ne tsohuwar kan ɗaga yatsa ta ce kowa ya yi shiru.

A farkon shekarar 2010, bayan daminar da ta bar rumbuna wayam, garin ya cika da ma'aikatan agaji da manyan motocinsu. Illa, mai gidan rawar da Mala ke yi wa aiki, gidan da kowa ke ce wa buwat, ya kira shi gefe.

"Mala, baƙin nan sabbin waƙoƙi suke tambaya, kai kuma kana ta jujjuya na zamanin kakanni. Ko ka zo da ordinatar, kwamfutar nan, kamar masu sa kiɗa na Yamai, ko in nemo wani."

"In zauna ina danne-danne kamar sakatare?"

"Ka zauna yadda ka ga dama. Na dai faɗa maka."

Alhaji Sallau, Bakanon da ke sayar da kayan sauti a kasuwa, shi ya nuna masa mafita. Ya fito da wani baƙin faifai, ya ɗora a garmaho. Ba waƙa a cikinsa, sai wani fito siriri mai shiga kunne. Amma da ya haɗa garmahon da kwamfuta ta wani ɗan akwati, sai fiton ya ɓace, waƙa ta fito. Mala ya dafa faifan, waƙar ta tsaya. Ya ja baya, ta koma baya. Murna ta kama shi.

"Manhaja biyu gare ni, zaɓi ɗaya," in ji Alhaji Sallau. "Wannan tana da nauyi, don duk waƙar da ka ba ta sai ta kwashe ta cikin rumbunta. Waccan kuwa ba ta ɗaukar kaya, rubutawa kawai take yi inda kowace waƙa ke ajiye. Shi ya sa ta fi sauri."

Mala ya gwada ta farko, ya ji tana bin hannunsa da ɗan jinkiri, kamar jakin da aka yi wa lodi. Ya gwada ta biyu, ta bi shi cak. Maganar rumbu da rubutu kuwa ta shiga ta wannan kunne ta fita ta wancan, don mutumin da hannunsa ke kan faifai ba ya jin kowa. Ya zaɓi ta biyu.

Kuɗi babu, sai aka yi musaya. Alhaji Sallau yana da Turawan da ke neman tsofaffin faya-fayai, ya ce akwatunan biyu za su isa. Da ya zo dubawa ya ga ƙaramin faifan nan, sai ya ce in babu shi babu ciniki.

"Wannan na ubana ne, Alhaji."

"To ai ba muryarsa zan ɗauke maka ba. Ka zuba shi a kwamfuta. Can ba ya karcewa, ba ya fashewa, har jikokinka su ji."

Mala ya yi kwana uku yana juya maganar, sannan ya yarda. Wata guda ya yi yana juye faya-fayan cikin kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, yana rubuta wa kowanne suna. Ran Juma'ar da ta biyo, ya sa wa Ya Zainaba busar da sabon baƙin faifai. Ta ɗaga yatsa kamar kullum, ba ta ji bambancin komai ba. Shi kuwa ya ji kunya kamar wanda ya yi sata.

Wata biyu ya ci moriyar abin. Daga nan zafi ya tsananta, lokacin shuka ya zo sama ba ko girgije. Aka fita roƙon ruwa sau biyu, ba a samu ba. Dattawan unguwa suka aika wa Illa cewa ba za a yi ta kuka ga Allah da rana ana kiɗa a bayan gidajensu ba. Illa ba jarumi ba ne, kuma ba wanda ya ga laifinsa. Ya sa wa gidan rawar kwaɗo ya ce sai ruwa ya sauka.

A makon ne Hauwa ƙanwar Mala ta iso daga Zermu da ƴaƴanta huɗu a bayan amalanke. Mijinta ya tafi Najeriya neman abinci, shiru. Irin da suka ajiye na shuka ma sun daka sun sha. Ƙaramar ƴarta ko kuka ba ta iya yi. Mala ya dube su a tsakar gida, ya dubi kwamfutar, ya san inda maganar za ta ƙare.

Amma ya ce wa kansa ba zai yi wauta ba. Kafin ya mayar da ita, ya samo kile, ɗan ƙarfen nan da ake ajiye waƙoƙi a ciki, ya soka. Ya buɗe manhajar, ya zaɓi jerin waƙoƙinsa gaba ɗaya, ya tura. Cikin ƙiftawar ido ta ce ta gama. Aikin wata guda ya shige cikin ƙiftawar ido, wai shi Mala har yaba saurinta ya yi. Ya ɗaure kilen a zaren layarsa, ya ɗauki kwamfuta da ɗan akwatin da ɗaya daga cikin garmahonsa biyu ya kai wa Alhaji Sallau, ya komo da buhunan hatsi. Garmaho ɗaya da baƙin faifai ɗaya suka rage masa, don Alhajin ya ce ba su da amfani su kaɗai.

Juma'a biyu ya yi wa Ya Zainaba ƙaryar cewa kuran, wato wutar lantarki, ce babu. Ran Alhamis ta uku ya je siber, shagon da ake hayar kwamfuta, don a juye masa busar a kaset. Sha'ibu mai shagon ya soka kilen. Sunaye suka jero reras, har da "Modu mai algaita" a sama. Ya danna, shiru. Ya danna na biyu, shiru.

"Malam Mala, ai ba waƙa a nan. Lis ce kawai, sunaye da inda suke zaune cikin ordinatar ɗinka. Ina ordinatar ɗin?"

A lokacin ne maganar Alhaji Sallau ta dawo masa, kalma bayan kalma. Ya ari waya ya kira shi.

"Kwamfutar? Ai tana Kano, an wanke ta tas an sayar. Wa zai sayi inji da kayan wani a ciki?"

"To faifan ubana fa, Alhaji?"

"Haba Mala. Wannan ai ya haye teku tuni."

Ya dawo gida a ƙafa ta lungunan Birni, rairayi na ƙona shi ta cikin takalmi, bai ji ba. Baƙin cikin da ya fi ci masa rai shi ne ba wanda ya cuce shi. An faɗa masa gaskiya ƙarara, shi ne bai saurara ba.

Washegari bayan masallaci, Ya Zainaba tana zaune bakin ƙofar ɗakinta, Hauwa na dama kunu.

"Mala, yau akwai kuran, ina jin rediyon maƙwabta. Sa mini ubanka."

Mala ya shiga ɗaki ya tsaya. Can ya jawo garmahon, ya ɗora baƙin faifan, shi kansa bai san abin da yake fata ba. Ya sauke allura. Fiton ya cika gidan, siriri, miƙaƙƙe, ba hawa ba sauka.

Hauwa ta toshe kunne. "Yaya, wannan mene ne haka?"

Tsohuwar ta ɗaga yatsa. "Yi shiru, ke. Haka yake ja kafin ya shiga."

Mala ya zauna a ƙasa kusa da ƙafafunta. Ya san tsawon faifan, minti goma sha biyu ne, kuma ya san babu komai a cikinsa daga farko har ƙarshe sai wannan. Allurar na tafiya a hankali tana nufar tsakiya. Ya Zainaba ta gyara zama, ta karkata kunne, yatsanta a sama.

"Yau numfashinsa ya yi tsawo," ta ce. "Bari dai, yanzu zai shiga."