Hannun Kyaftin

A shekarar 1956 wani Bayarabe mai suna Adebayo ya kewaye fili da zana a Gyadi-Gyadi, ya kafa farin ƙyalle, yana nuna silima bayan magariba. Mai kunna masa injin shi ne Maje, mutumin Darmanawa, magidanci mai 'ya'ya huɗu, wanda bai iya kowace sana'a ba sai wannan.

Fim ɗin da ya jawo masa masifa na wasu Turawa ne da suka tafi wata duniya a jirgi mai kama da kwalba. A faifai na uku, wato naɗin fim na uku, wani dodon ƙarfe ya fizge wa kyaftin ɗin jirgin hannun hagu, kowa ya gani. A faifai na biyar sai ga kyaftin riƙe da sitiyari da hannu biyu, har da agogo.

Wata rana da hantsi Maje ya kawo kekensa gindin tsamiya, inda Ya'u yake facin taya. Ya tarar da majalisa ta cika.

"Ka zo daidai, injiniya," in ji Ya'u. "A wane asibiti aka ɗinka wa kyaftin hannu? Ina da kawu mai dungu, in kai shi."

"Haka fim ɗin ya zo," in ji Maje.

"Ko dai ka juya faifan?"

"Da na juya, ai da sun dawo gida kafin su tafi."

Malam Inuwa duba-gari, wanda ya ɗan taɓa boko, ya gyara zama. "Hannun roba suka sa masa. Ku ne ba ku jin Turanci."

"Malam, sau tara na kalli fim ɗin nan," in ji Maje. "Ba a faɗa ba. Kuma hannun da gashinsa."

"To, matar da ke cikin jirgin fa?" in ji Ya'u. "An ce wurin babu iska, kowa ya kifa tukunyar gilashi a ka. Ita ta cire tata ta tsaya tana kuka."

"Mace in ta tashi kuka ba ruwanta da iska," in ji Malam Inuwa. Aka yi dariya.

Baba Garba, tsohon soja, bai yi dariya ba. "Shekara huɗu na yi a yaƙin Bama ƙarƙashin Bature. Mutumin da yake ƙirga maɓallin rigarka kowace safiya ba zai manta hannu sukutum ba. Akwai inda aka bayyana komai. Kai ka yanke wurin, Maje, ka sayar wa masu leƙa hoton guntun fim a rana."

"Baba, wallahi ban taɓa ba. Masu fim ɗin ne suka yi sakaci."

"Kai ne za ka gyara wa Bature aiki?"

Shi ke nan aka yanke hukunci. Mutanen nan sun gwammace su ce maƙwabcinsu ɓarawo ne da su yarda cewa baƙon da ba su taɓa gani ba ya yi aikin ganganci. Wannan ba wauta kaɗai ba ce, zalunci ne.

A daren Alhamis, da hannun ya bayyana, 'yan kallo suka yi ta kiran sunan Maje suna jifan ƙyallen da ɓawon gyaɗa. Adebayo ya kira shi gefe.

"Ni ba ruwana da hannu. In aka sake haka ranar Asabar, ka ajiye mini mabuɗi."

Ranar Juma'a Maje ya zauna a bakin taga, ya warware faifan yana ɗaga shi ga haske, hoto bayan hoto. Babu yanka, babu liƙi. Gaskiyarsa ce, amma babu wanda zai nuna wa. Matarsa Rabi ta ajiye masa tuwo har ya huce. Bayan la'asar ya ɗauki reza, ya cire duk inda hannun hagu ya fito, ya haɗa sauran da gam.

Ranar Asabar ba a ga hannu ba. Amma ba a ga saukar jirgin ba ma, domin a nan kyaftin ya riƙe sitiyari. Jirgi yana sama, sai ga mutane a gida suna rungume juna.

"Kun gani ko?" in ji Ya'u da ƙarfi. "Yau ma ya ƙara yanka."

Fim ɗin na haya ne. Da wakilin masu shi ya auna ya ga ya ragu, Adebayo bai tsaya jin bayani ba. Ya karɓi mabuɗi, ya kuma faɗa wa masu silima na Sabon Gari, don kada wani ya ɗauki Maje.

Maje ya zo gindin tsamiya da guntayen da ya cire a aljihu. Ya miƙa wa Baba Garba ɗaya.

"Ɗaga ka gani, Baba. Hannu biyu ne. Haka suka yi shi."

Tsohon ya ɗaga ga rana, ya daɗe yana dubawa, sannan ya mayar masa.

"To, ga shi a aljihunka. Me kake musu kuma?"

Maje ya tsaya kaɗan, ba wanda ya matsa masa a benci. Ya ja kekensa ya nufi Unguwa Uku, inda aka ce ana neman masu sauke buhunan gyaɗa. Bayansa Malam Inuwa yana cewa wataƙila akwai iska kaɗan a can duniyar da jirgin ya je, wadda ta ishi mace ɗaya.