Kujerar Hannun Dama

Habibu ya sake jan kujerar kushin zuwa hannun dama na tsakiyar babban tebur, Lawali kuma ya sake kama ta ta ɗaya gefen.

"Wallahi ba ka yi min haka," in ji Lawali. Abokin aikinsa ne a sashen gona na ƙaramar hukuma, shi aka ɗora wa gabatar da taron. "Mai gayya tsakiya, babban baƙo hannun dama, saura su bi. Ko'ina haka ake yi. Wanga wuri na Darakta ne."

"Darakta shi zauna hagu."

"Hagu? Mutumin da ya sa hannu ga ƙarin girmanka?"

"Kushin iri ɗaya ne, Lawali. Tebur ɗaya."

Lawali ya saki kujerar, ya share gumi da gefen hularsa. "To, liyafarka ce. In ya ɓata rai, kai za ka zauna ofis da shi, ba ni ba."

Tun safe Habibu yake tsaye a ɗakin taron nan na Kalgo. Liyafar ƙarin girmansa ce, amma shi ya sauke kujerun roba daga mota, shi ya shimfiɗa farin ƙyalle. Sai da ya raba ma'aji da shugaban ma'aikata, domin ba sa ga maciji da juna. Ya matso da Liman kusa da lasifika saboda addu'a. Wakilin hakimi kuma ba ya son iskar fanka a wuyansa. Ƙafafun Habibu sun yi nauyi, sabuwar shaddarsa ta manne masa a baya. Duk wannan bai dame shi kamar kujera ɗayan nan ba.

Ta surukinsa ce, Malam Siddiƙu na Maruda, mahaifin matarsa Fiddausi. Bara, a bikin ƙanin Habibu, tsohon ya bar shanunsa ya zo har ƙofar wurin liyafa, masu gadi suka tsayar da shi don ba shi da katin gayyata. Ya tsaya da sandarsa yana kallon mutane suna wucewa, sannan ya juya gida bai gaya wa kowa ba. Tun daga ranar bai sake taka Kalgo ba. Habibu ya je ya ba da haƙuri, tsohon ya ce ba komai, kuma duk wanda ya san shi ya san me "ba komai" ɗinsa take nufi. Fiddausi ta daina zancen, sai dai in ta dawo daga Maruda takan yi shiru kwana da kwanaki. Wannan karon da ƙyar tsohon ya ce zai zo. In aka sake kuskure yau, Habibu ya san ba zai ƙara zuwa ba.

Bayan la'asar ɗakin ya cika. Ana cikin gaishe-gaishe wani ɗan kabu-kabu ya tsaya a bakin ƙofa, Malam Siddiƙu ya sauko a hankali. Farar rigarsa har yanzu da layin ninki a jiki. Habibu ya fita da sauri, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa.

"Baffa, sannu da hanya."

"Lahiya lau, Malam. Motar ce ta lalace muna bayan Gwandu, munka daɗe zaune." Bai kalle shi ba, ƙasa yake kallo. "Allah shi sanya albarka ga abin da anka ba ka."

Habibu da kansa ya kai shi babban tebur, a gaban kowa, ya ja masa kujerar. Tsohon ya ɗan tsaya, ya dubi farin ƙyallen da kwalaben lemo, sannan ya jingina sandarsa ya zauna a bakin kushin, tsakanin Liman da surukinsa.

Darakta, Alhaji Sirajuddeen, ya iso daga baya. Ya dubi kujerar dama, ya dubi wanda ke kanta, ya zagaya hagu ya zauna. Daga nesa Lawali ya ɗaga wa Habibu gira.

Liman ya yi addu'a. Aka fara shigo da abinci, shinkafa da miya da soyayyar kaza, kowane faranti da cokula a naɗe cikin takarda. Ɗakin ya cika da ƙarar cokali. Habibu ya miƙa hannu zai warware nasa, sai hannun ya tsaya.

Tun da ya auri Fiddausi bai taɓa kai loma baki a gaban mutumin nan ba. In ya je Maruda, a zaure ake ajiye masa ƙwarya, kowa ya watse, sai ya gama a dawo. Ko ruwa tsohon bai taɓa sha a idonsa ba. Ya san wannan kamar sunansa. Amma kwana da kwanaki yana lissafin dama da hagu, abin bai faɗo masa ba ko sau ɗaya.

Ya saci kallo. Malam Siddiƙu ya ɗora hannuwansa biyu a kan gwiwa, idonsa na kan bango. Tururin shinkafa yana tashi a gabansa.

Darakta ya leƙo ta gaban Habibu. "Baba, bismilla mana."

"Alhamdulillahi. Na ƙoshi, ranka shi daɗe."

"Kai ma ka ƙoshi?" Darakta ya ce wa Habibu. "Ko ƙarin girman ne ya cika maka ciki?"

Habibu ya yi murmushin dole. Wayarsa ta motsa a aljihu. Fiddausi ce, daga ɓangaren mata a ƙarshen ɗakin. Ya sunkuya ya kara a kunne.

"Baban Madina, kana ganin hannun Baffa?" Muryarta ƙasa-ƙasa. "Inna ta kira ni. Tun furar safe bai sa komai ga ciki ba, kuma ya sha maganin sukarinshi."

Ya duba. Yatsun tsohon suna rawa kaɗan a kan gwiwa, yana danne su da ɗaya hannun.

Ba dama a tashe shi. A tayar da mutum daga babban tebur a gaban jama'a ya fi a tsayar da shi a ƙofa muni. A kai masa abinci wani ɗaki kuwa, kowa zai ce ɓoye shi aka yi. Habibu ya juya maganar ta kowane gefe, amsa ɗaya yake samu.

A daidai lokacin Lawali ya buga lasifika da yatsa. "Jama'a, a ci gaba da ci, amma a ba mu kunne. Mai girma Darakta zai yi jawabi a kan ɗan'uwanmu."

Duk ofis an san Alhaji Sirajuddeen. Ya taɓa mayar da wani ma'aikaci can Diggi don ya tashi amsa waya yana cikin magana. Ya miƙe, ya gyara babbar riga, ya karɓi abin magana.

Habibu ya tura kujerarsa baya a hankali. Ya sunkuya wajen Liman, ya ce, "Allah gafarta Malam, ga baƙona nan." Liman ya dubi farantin da ba a taɓa ba, ya dubi na Habibu, ya gyaɗa kai. Ya ture cokulansa gefe, ya nannaɗe hannun riga.

Habibu ya bi ta bayan tebur ya fita ta ƙaramar ƙofa. Ya ji idon Darakta a ƙeyarsa har ya fice.

A bayan ɗakin, inda masu girki suka jera tukwane, janareta na ta ruri. Akwai taga a buɗe da za a iya hango babban tebur ta cikinta. Ya juya mata baya, ya zauna a kan wani akwatin lemo da aka kife. Sai a lokacin ya ji yadda ƙafafunsa ke zugi. Daga ciki muryar Darakta na fitowa: "Wannan yaro Habibu, wanda nake gani yanzu kujerarsa ce kawai ke saurarona..." Wasu suka yi dariya, wasu ba su yi ba.

Can sai ga Fiddausi ta zagayo, mayafinta a kafaɗa, buta a hannu.

"Baffa ya ce a kawo ruwan wanke hannu," ta ce. Ta cika butar a randa, ta dube shi, ta koma.

Ba ta daɗe da shiga ba Lawali ya faɗo waje yana haki.

"Kai wane irin mutum ne? Ana yabonka kana zaune bisa akwati! Ya tambaye ni ina kake, na ce ka zagaya. Tashi mu koma."

"Ina zuwa."

"Yaushe?"

"In ya gama."

"Darakta? Ka san shi, yanzu ya fara."

"Ba Darakta ba," in ji Habibu.

Ya tuɓe hularsa ya ɗora a gwiwa, ya jingina da bango, bayansa na fuskantar taga.