Mabuɗin Yaya

…kuma kyanwar tana nan, abin da ya hana ta sakat ke nan. Shafin intanet ɗin na wasu ne, sunan daban, launi ma sun canja. Amma ta danna tambarin ta riƙe, sai ga kyanwar da 'yarta ta zana, mai kunne ɗaya, wadda ita da hannunta ta ɓoye a cikin manhajar da makarantu ke duba sakamakon ɗalibai. Manhajarta. Sun kwashe ta ɗungurungum, har da abin da ba su san yana ciki ba.

Yaya yana can teburinsa, yana waya da wani shugaban makaranta, yana ƙyaƙyata dariya. Su biyu ne kamfanin. Su biyu ne ke da mabuɗin ma'ajiyar da ainihin rubutun manhajar yake.

A'a. Ba nan za ta fara ba. Hanyoyin kare manhajar dai, hanyoyi…

A cakuɗa rubutun? A mai da sunaye haruffa marasa ma'ana, a cunkushe layuka, mai karatu ya ga jiri. Yana rage ɓarayin tsautsayi, eh. Mai naci kuwa zai zauna da shayinsa ya warware shi zare-zare. Kuma wannan maganin abin da ke sauka a wayar mutane ne. Su waɗannan har na ciki suka ɗauka, wanda baƙo ba ya gani… wanda baƙo ba ya gani.

Lasisi fa? Manhaja ta riƙa tambayar izini kafin ta buɗe. Wanda rubutun ke hannunsa ai goge layin tambayar zai yi, ko gumi ba zai yi ba. Ranar fitar sakamako kuma intanet ya ɗauke, makarantar da ta saya da gaskiya ta kulle, iyaye sun cika ƙofa — wa za a kira a zazzage wa? Ita.

Danna nan, Auta. Kin ga yadda suka rubuta? Kwafa ki canja, haka kowa ya koya. Haka Yaya ke ce mata tana ƙarama. Tsohuwar kwamfutarsa mai zafi kamar dutsen guga, ita a kan kujerar roba, ƙafarta ba ta kai ƙasa ba. Ko Mama ta kira shi, sai ya ce bari yarinyar nan ta gama. Duk abin da ke kanta yau, shi ya fara zuba shi.

Lauya? Yarjejeniya, kotu, a nuna wa alƙali kyanwa mai kunne ɗaya. Za ta iya cin shari'ar ma. Sai dai tambayar farko da za a yi: ta ina suka samu? A gaban mutane. A rubuce.

Hanya mafi ƙarfi kowa ya san ta: kada rubutun ya bar sabarka, wato babbar kwamfutar da ke hannunka, ka bar mutane su yi aiki da shi daga nesa. Ai abin da take yi ke nan tun farko! Ta gina katanga, ta sa ƙofar ƙarfe… ɓarawon bai haura ba.

Abokin nan na Yaya na watan jiya, mai yawan cewa ranka ya daɗe. Ya zauna a kujerar Yaya har la'asar, ita tana asibiti da 'yarta. Da ta dawo Yaya ya ce, bawan Allah ne, koyo yake so. Ilimi ai ba a kulle shi, Auta. Ba sayarwa ya yi ba, ta rantse ba zai sayar ba. Da sayarwa ce ma da sauƙi, da ta san da wa take faɗa. Yaya dai bai iya cewa a'a ba. Ko rigar jikinsa ka yaba, sai ka tafi da ita.

In kuma ba shi ba ne? In kalmar sirrinta aka sace?

Sabon sashen da ta yi wata da watanni tana rubutawa zai shiga ma'ajiyar yau. In shi ma ya fita, ita da Yaya sun gama yawo. Saura hanya ɗaya, wadda tun safe take kewaye ta: shafin izini, sunaye biyu, kusa da na Yaya ɗan jan maɓalli. Cire. Ba cakuɗawa, ba lauya. Sai dai na'urar ba ta da kara — tana dannawa, saƙo zai faɗa wayarsa cewa ƙanwarsa ta fitar da shi. Kafin magariba Mama ta ji.

Tana jin tsoro. Ba ɓarayin take tsoro ba.

Yaya ya ajiye wayar a tebur, fuskar wayar sama, ya juyo.

"Auta, wani abokina zai leƙo anjima. Yana so ya ga sabon aikin nan naki. Na ce masa babu kamarki."

Murna ce fal a fuskarsa, wallahi murna ce.

"To, Yaya."

Yatsarta na kan maɓallin. Wayarsa na nan shiru… har yanzu shiru.