Tagar Gabas a Hubbaren Humayun

Wata huɗu Naushad ya yi yana sassaƙa tagar nan. Jan dutse guda, tsayin mutum, ya huda shi taurari-taurari, irin waɗanda ke tace rana kafin ta shiga hubbaren. Tsohuwar tagar gabas ta zaizaye, tasa ce za ta maye gurbinta. Injiniya Tyagi ta duba jiya, ta sa hannu. Yau za a ɗaga ta.

Yana jiran masu igiya sai ya ƙwanƙwasa gefenta da ƙotar guduma, don sabo kawai. Dutse mai lafiya ƙara yake yi kamar kwanon tagulla. Wannan shiru ya yi, kamar an bugi jiƙaƙƙen itace. Ya sake bugawa. Haka dai.

Tsaga ce a ciki, inda ido ba ya kai.

Tsoho Ghanshyam, wanda ya koya masa aikin, yake kuma kiransa Chacha, wato baffa, yana gefe yana kurɓar shayi.

"Chacha, ka ji abin da na ji?"

"Ni kurma ne tun bara, ɗana. Tambayi matata."

"Chacha."

Tsohon ya ajiye kofi. "An sa hannu. Za ta yi shekara ashirin. Ranar da za ta faɗo, ni an ƙone gawata na zama toka, kai kuma ba ka da haƙori."

"Ta farkon shekara ɗari huɗu ta yi."

"Ka buɗe baki, za su ce hannunka ne ya tsaga ta. Ba ka ƙara ganin taga. Daɓen tsakar fili za ka yi ta yi har ka tsufa."

Naushad ya san gaskiya ne. Ya kuma san hannunsa.

Ya je ya kirawo injiniyar. Bai yi dogon bayani ba. Ya buga sama, ya buga ƙasa. Fuskarta ta ɗaure.

"Dutsen ne, ko kai ne?"

"Dutsen ne, Madam. A fasa wurin a gani. Tsohuwar tsaga launinta daban."

Ta ce a fasa. Shi da kansa ya sa guduma. Dutsen ya dare gida biyu, cikin tsagar baƙi ƙirin, ruwan shekaru ya rina shi.

Ta duba tsagar. "Wata nawa sabuwa?"

"Uku. Amma ni zan je mahaƙar Dholpur in zaɓo dutsen."

Ta juya wajen masu igiya. "Ku naɗe kayanku." Sannan ta dube shi. "Litinin akwai motar Dholpur."