Inci Ɗaya a Kafaɗar Dama

Da na gama jami'a na zauna gida ba aiki, sai dangi suka yanke cewa tunda tarihi na karanta, ni zan zana musu jerin zuriyarmu. Ba wanda ya tambaye ni. Ni ma ban ce komai ba, dama haka nake.

Na sayo babban kwali na ja layuka da biro. Layi ɗaya kawai na bari da fensir, wanda ya haɗa Baba da Kaka, wato kakana tela. Mahaifiyar Baba ta auri Kaka ne bayan rabuwarta da wani direba, kuma wata bakwai da auren aka haifi Baba. Wasu suka ce bakwaini ne. Wasu suka yi ta lissafi da yatsu.

Baba ya daɗe tsaye a kan kwalin.

"Biron ne ya ƙare?"

"A'a, Baba."

"To."

Shekararsa sittin da biyu, bai taɓa tambayar kowa wane ne ubansa ba. Ranar bai ci abincin rana ba.

Washegari na tafi wurin Goggo, yayar Baba da suke uba ɗaya, in har suna uba ɗayan. Ita ta gaji keken ɗinkin Kaka, ta ɗora masa rediyo da kwanon magunguna. Ta jawo akwati daga ƙarƙashin gado, ta zube mini littattafan awonsa guda tara.

"Ga su nan, 'yar boko. Amma ki sani, kakanki bai taɓa auna ɗansa ba. Kallo ɗaya zai yi mana ya yanka yadi. Awo na baƙi ne."

Na bi shafi-shafi. 'Ya'yan Kaka shida, babu ko ɗaya a ciki. Baba kuwa yana nan duk shekara, tun yana ɗan shekara huɗu.

"Shi ya sa muke ce masa Kwastoma," in ji Goggo, tana dariya. "Ba ya amsawa, amma yana juyowa."

Ban yi dariya ba. Na lura a gefen kowane awo na Baba akwai ƙaramin rubutu: dama, rage rabi. Da ya girma ya koma: dama, rage ɗaya. Babu wani baƙo mai irin wannan. Sai a cikin bangon littafi na farko na ga awon wani babba, ba suna, da rubutun nan dai.

"Goggo, wannan na wa ne?"

Ta kai littafin kusa da hanci. "Na kakanki ne. Kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka. Keke ne ya karkatar da shi, duk tela haka yake."

"Baba yana taka keke yana shekara huɗu?"

Ta kashe rediyon.

"Ƙafarsa ma ba ta kai ba," ta ce. Can kuma ta harare ni. "Ke ashe kina magana."

Na aro littafin da tef ɗin awo na kai wa Baba. Ya sa tabarau ya karanta, ya koma farko ya sake. Sannan ya miƙe da tef a hannu.

"Juya. Tsaya daidai."

"A daidai nake, Baba."

Ya auna kafaɗuna sau biyu. "Inci ɗaya."

Ni da na yi shekaru ina zagin masu ɗinkin jaka saboda igiya tana zame mini daga kafaɗar dama.

Na ce masa gaskiya, a jami'a ba za a karɓi wannan a matsayin cikakkiyar hujja ba.

"Jami'ar taku ta taɓa ɗinka riga?"

"A'a."

Ya zare biron daga hannuna, ya sunkuya kan kwalin, ya bi layin fensir ɗin da kansa. Na miƙa masa rula, bai karɓa ba. Layin ya ɗan karkata dama. Ya ce a kawo masa abinci.