Fasinjar Gwaji

Tana cikin matse mofa a bokiti ta ji ana ƙwanƙwasa gilashin ƙofar tasha. Tun kafin ta ɗaga kai ta san abin da za a tambaya. Wani mutum ne da akwati mai taya, gumi ya jiƙa masa wuyan riga sharkaf.

"Baiwar Allah, an fara jirgin ƙasan da ke zuwa filin jirgin sama kuwa?"

"Ba a fara ba tukuna."

"To yaushe?"

Ta nuna masa allon da ke jikin bango. An taɓa rubuta ranar buɗewa a kansa, aka liƙa wata takarda ta rufe ranar, aka sake liƙa wata, har sau huɗu. Ta ƙarshen abin da ta ce kawai shi ne, nan ba da daɗewa ba. Mutumin ya karanta, ya ja tsaki, ya ja akwatinsa ya nufi titi neman tasi.

Shekara biyu da wata bakwai ke nan tana share wannan tasha, tashar da ƙafar fasinja ko ɗaya ba ta taɓa takawa ba. Kujerun jira har yanzu suna cikin ledarsu. Matakalar nan mai tafiya da kanta, duk Litinin ake kunna ta don kada ta cije, ta yi ta hawa ba kowa a kanta. Magina da suka zo suka tafi su ne suka laƙaba mata Uwar Tasha, sunan ya bi ta har gida. A unguwa kuwa kowa ya gan ta sai ya ce, "Uwar Tasha, yaushe za ku buɗe?" sai ka ce makullin yana cikin jakarta.

Jirgin kansa ta sha jin gurnaninsa a ƙarƙashin ƙafafunta idan ana gwaji. Ta sha leƙawa ta hango shi yana wucewa, fari sol, cike da durom-durom na ruwa a madadin mutane. Amma ba ta taɓa sa ƙafa a ciki ba.

Yau dai hankalinta ba ya kan aikin. Mijinta direban tasi ne, shekara ashirin da shida yana bin hanyar filin jirgi. Shi da ƙanensa sun shirya yau da ƙarfe biyu zai miƙa wa dillali motarsa, ya haɗa da ɗan abin da suka daɗe suna tarawa, ya karɓo bas mai kujera goma sha huɗu, don ya riƙa kwasar matafiya da kayansu a tafiya ɗaya. Da safe ta ce masa, "Baban yara, ba za ka ɗan dakata ba? Idan aka buɗe jirgin nan fa?"

Ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. "Jirgin naku? Uwar Tasha, jikokinmu ma sai dai su gaji mofar nan taki. Jirgin da durom ne fasinjansa!"

Ita ma sau huɗu tana ganin ana liƙa takarda.

Wajen sha biyu da rabi sai ga Dogo, mai gadin ƙofa, ya sauko da sauri yana gyara hula.

"Uwar Tasha, ajiye bokitin nan. Injiniya ta ce kowa ya sauka ƙasa."

"Me na yi?"

"Ke ma dai! Yau mu ne durom."

A dandamali ta tarar da mutane sun fi ɗari: masu gadi, masu gyaran wuta, 'yan ofis, masu shara na sauran tashoshi. Injiniya, wata siririyar budurwa mai hular kwano wadda ta zo aikin nan tun ana haƙa rami, ta hau benci tana bayani. Masu duba lafiyar jirgi sun zo daga hukuma. Sun gaji da durom, mutane suke so su gani suna shiga suna fita. Kowa ya kashe waya har a isa. Aka bi su ana raba tsofaffin akwatuna da aka cika da yashi, don su yi kama da matafiya na gaske. Uwar Tasha ta samu wani ja mai karyayyen hannu.

"Hajiya, ina zuwa haka ba sallama?" in ji Dogo.

"Ƙasar waje. Me zan sayo maka?"

"Takalmi lamba arba'in da bakwai, idan suna yi."

Suna cikin dariya wata iska mai sanyi ta huro daga bakin ramin, ta ɗaga mata gefen mayafi. Sai haske. Sai ga shi ya shigo a hankali, ba hayaƙi, ba ƙara, tarago yana bin tarago, ya tsaya daidai kan layin rawaya da ta saba gogewa. Ƙofofi suka buɗe a tare.

Ta tsaya a bakin ƙofa tana duban ƙasan taragon. Har ta sunkuya za ta cire takalmi, Injiniya ta taɓa kafaɗarta.

"Inna, shiga da abinki. Yau ba ke za ki goge ba."

Ta zauna kusa da taga, ta rungume akwatin yashi a cinya. Wani dattijo mai farin gashi, shugaban masu duban, ya tsaya a tsakiya riƙe da agogo da fayil. Wata murya ta yi magana daga sama, ƙofofi suka rufe. Ta jira jijjiga, irin wadda take ji a motar mijinta idan ya sa giya. Shiru. Sai kawai ta ga ginshiƙan tasha suna ja da baya. Sai da benci ya wuce, Dogo ya ce, "Kai! Ashe mun tafi!"

Duhun rami ya haɗiye su. Fitilun bango suka riƙa wucewa ɗaya-ɗaya, sannan suka haɗe suka zama zare guda. Ta ji wani abu ya danna bayanta a jikin kujera, a hankali, kamar tafin hannu. Ta kalli kofin ruwan da dattijon ya ajiye a ƙasa da gangan. Ruwan ko motsi bai yi ba.

Ba zato rana ta faɗo cikin taragon. Sun fito daga rami, layin ya ɗaga sama a kan ginshiƙai, gari gaba ɗaya ya shimfiɗu a ƙarƙashinsu.

"Ikon Allah," ta ce, ba ta ma san ta faɗa ba.

Shekara hamsin da ɗaya tana cikin garin nan, ba ta taɓa ganin samansa ba. Rufin gidaje ja da toka har iya ganin ido. Tankunan ruwa. Shanya tana kaɗawa a saman benaye. Kasuwar da take shan wahalar ratsawa duk asuba, ga ta nan kamar faranti, mutane suna yawo a ciki kamar tururuwa. Ta hango asibitin da ta haifi autarta, ta gane shi da koren rufinsa, kafin ta nuna wa Dogo har ya wuce. Wani mai gyaran wuta da ke bayanta ya manna goshi a gilashi yana cewa, "Ga gidanmu! Wallahi ga gidanmu!" Babu wanda ya yi masa dariya.

Sai babbar hanyar filin jirgi ta zo ta jera da su. A kan doguwar gadar da ta haye kogi motoci sun cushe, layi huɗu, ba gaba ba baya, rana tana dukan rufinsu. Wannan ce gadar da mijinta yake zagi kullum idan ya dawo yana murza gwiwa. Jirgin ya wuce ta cikin numfashi uku. Ta juya tana dubanta har ta ɓace.

Gidaje suka ƙare, fili ya buɗe, sai shingen waya mai tsawo. A bayan shingen ga wani jirgin sama, ƙato, yana gudu a kan titinsa daidai gefensu. Duk shekarun da mijinta ya yi yana kai mutane nan, ita ba ta taɓa ganin jirgin sama ba sai a can sama, ɗan mitsitsi. Yanzu ga shi har tana ganin tagoginsa. Suka yi kafaɗa da kafaɗa na ɗan lokaci, sannan ya ɗaga hanci, tayoyinsa suka rabu da ƙasa, duk wannan nauyin ya hau iska kamar ba komai ba. Taragon ya ɗauki salati. Dogo ya cire hula ya riƙe a ƙirji.

Da suka tsaya, dattijon ya danna agogonsa. "Minti goma sha bakwai," ya ce.

Aka sa su fita da gudu kamar wuta ta tashi, suka koma, suka sake fita a hankali. Bayan nan aka ce kowa ya huta, ƙarfe biyu saura kwata za a koma. Uwar Tasha ta ja akwatinta ta zauna a bayan wani ginshiƙi. A nan ta ji muryar dattijon, dab da ita.

"Ban ga abin gyara ba. Zan sa hannu yau. Ku shirya wa tara ga wata mai kamawa."

Ta leƙo. Injiniya ta cire hular kwanon ta rufe fuska da ita, kafaɗunta suna girgiza. Shekara shida yarinyar nan tana shan zagi a rediyo. Da ta sauke hular, idonta ya faɗa kan Uwar Tasha. Ta ƙaraso tana share hawaye da bayan hannu.

"Inna, kin ji?"

"Na ji, 'yata."

"Don Allah ki riƙe. Sai manya sun sanar da bakinsu. Idan ranar nan ta fita daga nan, ni za a fara kora, ke ki biyo baya."

"Ranar ba za ta fita daga bakina ba."

Injiniya ta tafi. Agogon bango ya nuna ɗaya da rabi. Tara ga wata, kwana ashirin da uku ke nan. Ta kunna waya ta riƙe ta a hannu, tana kallonta. Yarinyar nan ba ta taɓa wuce ta ba tare da gaisuwa ba. Mijinta kuma can yana shirin zuba guminsu na shekaru a cikin bas. Ta daɗe a haka kafin ta danna lambarsa.

Ƙarar hon ta riga muryarsa isowa. "Uwar Tasha, yaya? Ina kan gada, fasinja na ta yi min masifa. Ga dillali yana jira."

"Baban yara, ka san inda nake?"

"Ina fa, in ba gindin bokiti ba?"

"Ina filin jirgi."

"Wane filin jirgi? Wa ya kai ki?"

"Jirgin. Mu aka ɗauko yau, ba durom ba. Na zauna a kujera, na ga gari daga sama, na ga gadar da kake kai. Minti goma sha bakwai."

Ta ji hon, da muryar wani yana faɗa daga nesa.

"Minti nawa kika ce?"

"Goma sha bakwai. Ruwa a kofi bai zube ba."

"Farin abin nan da ya wuce ɗazu kamar walƙiya, kina ciki?"

"Ina ciki."

"Ni tun sha biyu da kwata nake nan," ya ce a hankali, kamar da kansa yake magana. Can ya ce, "Sun faɗi rana?"

"Kada ka tambaye ni wannan. Na yi alkawari."

Ta ji ya sauke dogon numfashi. Shekara talatin suna tare, ya san yadda muryarta take idan babu komai, ya kuma san yadda take yanzu.

"To," ya ce. "To. Bari in kira ƙanena, ya ce wa dillali ya sha ruwa tukuna." Sannan ya ƙara da cewa, "Ki jira ni nan, idan na sauke wannan sai in mayar da ke."

"Jirgin zai mayar da mu. Yanzu ma za mu tashi."

"Au. Haka ne fa." Ya ɗan yi dariya, ba irin ta safe ba. "To ki zauna ta ɓangaren kogi. Ina bayan wata babbar motar siminti."

Ta samu taga ta ɓangaren kogi. Da gadar ta taso, ta manna fuska a gilashi tana neman motar siminti. Ga ta can, tsakiyar gada. A bayanta direbobi sun fito daga motocinsu sun jeru a jikin ƙarfen gada, kowa ya ɗaga kai. Shi kuwa ya taka bakin ƙofar tasinsa ya miƙe, ya fi kowa tsawo, hannu ɗaya yana kare rana, bakinsa a buɗe kamar na yaro. Ta ɗaga masa hannu da ƙarfi. Bai gan ta ba. Jirgin yake kallo.