Ɗakin da Inuwa ya juya wa alƙibla

Jikka arba'in ta kuɗin sefa mai awon fili ya nema, ni kuwa na hana a ba shi. Gara in faɗi haka tun da farko, don kada wani ya ɗora wa marigayi laifin da ba nasa ba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka gina gidan nan. Mijina Inuwa, tela ne a kasuwar Konni, ya sayi fili a sabuwar unguwa ta hanyar Tawa. Lokacin da aka yanka filayen an kafa duwatsun siminti huɗu, kowace kusurwa ɗaya. Amma damina biyu ta wuce kafin mu fara gini, ruwa ya kwaso rairayi ya binne na baya. Biyun bakin hanya kaɗai muka gani. Inuwa ya je ma'aikatar magajin gari aka haɗa shi da mai awo, mutumin ya ce zai zo ya gano sauran, ya ja igiya kafin a haƙa tushe.

"Jikka arba'in don shi gwada muna dutsi?" na ce wa Inuwa. "Malam, kuɗɗin ƙohwar ƙarhe ke nan hwa. Mi za mu rataya bakin gida, igiyar mai awo?"

"Sahiya, ni dai hankalina bai kwanta ba."

"Bayanmu daji na. Wa za shi matse ka?"

Inuwa ba mai jayayya ba ne, ni kuma in na kama magana ba na saki. Aka sayi ƙofa, shuɗiya mai zanen furanni, har maƙwabta suka zo kallo.

Abu ɗaya ya kafe a kai. Shekara ashirin muna gidan haya yana shimfiɗa tabarmar salla a karkace, ƙafa na bugun gado, kai na neman kusurwa. Mutumin da zai warware ɗinkin riga ɗungurungum saboda layi ya kauce kaɗan, ka ga abin yana cin ransa. Titunan sabuwar unguwar ma ba su bi alƙibla ba. Don haka ya sa magini ya ɗan juya ɗakinsa na can baya, bangon ya fuskanci alƙibla sak. Na yi ta tsokanarsa cewa ɗakin ya yi fushi da sauran gidan ya ba shi kafaɗa. Sai ya yi murmushi ya ce in zo in ga yadda tabarma ta zauna.

Ta zauna kuwa. Can yake nafilarsa, can yake karatu, da ciwon ƙafa ya hana shi zuwa masallaci can ya koma yin sallolinsa duka. Akwai wurin da yake dafawa in zai miƙe, har farar ƙasar bangon ta yi duhu da sawun tafinsa. Bayan rasuwarsa shekara uku da suka wuce, na hana a shafe wurin, na mai da ɗakin wurin sallata.

Bana, bayan girbi, wata safiya aka yi sallama. Wani dattijo ne dogo, ya ce sunansa Alkasum, jandarma ne da ya yi ritaya, filin bayanmu nasu ne. Aiki ya yi ta yawo da shi, sai yanzu zai gina. Ya zo da mai awo, yana roƙon in bari su shiga.

Mai awon ya kafa na'urarsa mai ƙafa uku, ya leƙa, ya rubuta, ya sake leƙawa. Ya auna daga bakin hanya sau biyu. Sannan ya cire takalmi ya shiga ɗakin Inuwa, ya ɗaga tabarma, ya ja alli a kan daɓe.

"Inna, ki yi haƙuri, sai an hwasa nan."

Aka fasa. Ƙasa da kamu biyu sai ga dutsen, da lambarsa ɓaro-ɓaro. Daga wurin zuwa bango, mita ɗaya da rabi, duk ba namu ba ne.

"Da an kira mu kahin a haƙa tushe, aikin awa biyu na," in ji mai awon. Bai san wa yake gaya wa ba.

Na dubi Alkasum, na ajiye girman kai, na ce ya sayar mini da ɗan wurin. Ya daɗe yana kallon sawun hannun da ke bango.

"Malama Sahiya, da nawa ne ni kaɗai, wallahi kyauta zan ba ki. Da ƙanena muka saya, ya rasu ya bar yara uku. Wannan gefen rabonsu ne, kuma dama ya yi musu kaɗan. Abin da ya wuce, ni dai na yafe. Nasu kuwa ba ni da ikon bayarwa."

Rabon marayu. Shekara takwas goshin Inuwa yana sauka a kan ƙasar marayu bai sani ba, mutumin da ko ƙyallen da ya rage sai ya naɗe ya mayar wa mai shi. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba. Da yana raye ba zai ƙara ko raka'a ɗaya a wurin ba, na san wannan. Ban jira wani ya kai ni gaban kowa ba, ni da kaina na aika aka kira magini.

Kwana biyu aka yi ana rushewa. Na roƙa a ciro mini ɓangaren da sawun hannun yake, guduma ta farko ta wargaza shi.

Sabon bangon ya bi igiyar mai awo, miƙe yake tamkar layin ɗinki. Ƙofar ƙarfen tana nan bakin gida, ko tsatsa ba ta yi ba. Ni kuma sau biyar a rana ina shiga ɗakin, in shimfiɗa tabarmar Inuwa a karkace.